Ban Bari An Raba Su Ba, Inna

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sanyaya makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko da kina raye ma sai an karanta miki, kina saurare kina tsinkar zogale. Amma labari ya taru mini, kuma ban saba kai shi wajen kowa ba sai wajenki.

Mafara lafiya lau. Mai gidana Malam yana nan da noman raninsa a Bakura, jikokinki huɗu da na haifa duk suna tashi. Ni kuma ina riƙe da sana'arki ta turara shinkafa, a tukunyar nan taki da aka liƙe wa gindi.

Inna, Rabi matar ƙanena Sani ta biyo ki. Da daminar bara naƙuda ta kama ta a Dosara, hanya ba lafiya saboda ɓarayin daji, babu mai motar da ya yarda ya kai ta asibiti. Ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Ta bar jaririya da yayyenta biyu, Hauwa da Bello. Shi Sani gonarsa ma ba ta shiguwa, balle ya riƙe yara shi kaɗai.

Bayan addu'ar bakwai dangi suka zauna a gidan Kawu Garba a Maradun. Aka yanke Hauwa ta tafi Garbadu wajen Gwaggo, Bello ya zauna wajen Kawu, jaririya a ba dangin uwarta. Ina zaune bakin ƙofa tare da mata. Kin san ni, ban taɓa ɗaga murya a gaban Kawu ba. Amma na ga Hauwa ta ƙanƙame hannun Bello, an miƙa mata fura ta ƙi saki ta karɓa. Sai na tuna yadda aka raba ku da ƙanwarki Ai sa'ad da uwarku ta rasu, aka kai ta riƙo wani gari, kika tsufa kina tambayar fatake labarinta. Sau ɗaya kika ba ni wannan labari, kina daka, ba ki ko dube ni ba.

Na matsa na durƙusa, na ce ni zan ɗauke su duka ukun. Kawu ya tambaye ni ko na shawarci mai gidana, ga nawa yaran, ga ɗakuna biyu kacal. Na ce ban shawarce shi ba, amma a dakata da rabon har in je in dawo. Ban janye ba. Ke da kina nan, za ki bari?

Da na faɗa wa Malam, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni ma ban matsa masa ba. Washegari sai ga shi da magini, suna auna filin da ke gefen rumbu. Amsarsa ke nan.

Ba zan ce miki da sauƙi ba. Allah Ya sa ban yaye autana ba, sai na haɗa shi da jaririyar a nono, na rame har maƙwabta suna tambaya ko ciwo nake. Hauwa ta daɗe tana ɓoye tuwo a cikin zaninta don ƙanenta. Usman ɗana ya yi ta ƙorafin an cika masa tabarma. Ban daki kowa ba. Na yi yadda kike yi: kwano ɗaya, kowa ya sa hannu, wanda ya yi rowa shi zai wanke. Yanzu baƙo ya shigo ba ya gane wanne ne nawa, wanne ne na Sani. Jaririyar ta fara tafiya, sunanki aka sa mata, kuma ta ɗauko taurin kanki.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ni ce 'yar farinki, kuma saboda kunya ba ki taɓa kiran sunana ba. Kullum sai dai ke, ko waccan. Ina yarinya na ɗauka ba ki so na kamar sauran. Sai da na girma na lura wa kike ajiye wa ƙanzon tuwo, wa kike tashi ki lulluɓe in sanyi ya sauko. Na gane, Inna, ban riƙe ki da komai ba. Amma a nan ban bi ki ba. Tawa 'yar farin ina kiran sunanta a gaban kowa, Gwaggo tana hararata, ina ƙara kira. Hauwa ma haka. Yaron da ya rasa uwa yana buƙatar ya ji sunansa a bakin wata.

Kada ki damu da mu. Gidan ya cika, tukunya tana ɗoruwa, kuma ina iyawa. Allah Ya jiƙan ki, Ya haɗa ki da Ai a inda ba a rabuwa.

Sai mun zo.

Taki, wadda kike ce wa waccan,
Balkisu