Ku Zo Ku Cire Wa Akuyata Jan Ƙarfenku

Zuwa ga Shugaban likitocin dabbobi da suka yi bincike a ƙauyenmu, yankin Dutsi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ni ce matar da ta ba ku aron jar akuya a daminar bara waccan. Kun ce kuna gwada abin nan na jan ƙarfe da ake sa wa mata a mahaifa don tazarar haihuwa, kuna son ganin yadda yake canja ruwan mahaifar dabba. Na yarda, don ni ma na sha wuyar haihuwa kusa-kusa.

1. Likitarku ta ce jan ƙarfen yana narkewa a hankali cikin ruwan mahaifa, ya kashe ƙarfin maniyyin bunsuru, ciki ba zai shiga ba. In an cire kuma, komai ya koma daidai. Maganar farko na gan ta da idona, bunsurayen unguwa duk sun gaji. Ta biyun nake jira.

2. Duk tsawon daminar nan kuna zuwa kuna ɗibar ruwan da sirinji, tana ɗaure a turke. Ranar cirewa sai kuka zo bayan girbi, lokacin da kowa ya san an saki dabbobi suna kiwo a gonaki. Kuka tarar da turke ba kowa, kuka juya. Ba ku sake dawowa ba.

3. Jikar akuyar da mahaifiyata ta ba ni ce ranar da aka kai ni ɗaki. A gidanmu kowace amarya da 'yar akuya daga wannan tsatso take tafiya. Inna ta rasu, annoba ta kwashe sauran, ita kaɗai ta rage. Wallahi ina kewar kukan 'yan awaki a tsakar gidana.

'Yata Hadiza za ta yi aure baɗi. Na iya saya mata akuya a kasuwar Mai'adua, amma ba za ta zama ta kakarta ba.

Roƙona ɗaya ne: ku turo wanda zai cire mata abin nan. Na daina sakinta, ko da rani tana turke don kada ku sake yin saɓani da ita. Ku hanzarta, haƙoranta sun fara zubewa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa bincikenku ya amfani mata.

Wassalam.

Mahaifiyar Hadiza.