Yaya Ya Ɗauke Tsuntsayen Baba

Anti mai shawara, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya ƙulle. Mahaifina yana neman daina cin abinci saboda katun, wato fim ɗin zane na yara. Na san duk wanda na faɗa wa haka dariya zai yi mini, shi ya sa na rubuto miki.

Babanmu ma'aikacin gidan silima ne a da, shi ke haska fim daga ɗan ɗakin nan na sama mai ƙaramar taga. Kafin babban fim akan saka gajerun katun na tsuntsaye, irin na da, waɗanda ba magana a ciki sai kiɗa da guje-guje. Da silimar ta mutu ya samo su a kaset ya kawo gida. Mu biyu ya haifa, ni da Yaya, mahaifiyarmu kuma ta rasu muna ƙanana. Sai ya zaunar da mu a gabansa, ya rage sauti, shi ya riƙa yi wa tsuntsayen magana da Hausa.

Akwai wani dogon tsuntsu mai siraran ƙafafu da 'yar hula, kullum yana fama ya gina sheƙa, da wata 'yar ƙarama da bakinta ba ya rufuwa, tana ɓata masa aiki. Baba ya raɗa wa dogon suna Zalɓe, wato Yaya ke nan, don tun yana yaro tsayi ne kawai ba jiki. Ni kuma Suda, ban kuwa yi musu ba, ga wasiƙar nan ma shaida. Duk sanda dutse ya faɗo wa Zalɓe ya baje shi a ƙasa, Baba kan buga cinya ya ce tashi Zalɓe, ba a gama ba. Shi kuwa sai ya miƙe ya kakkaɓe hularsa. Mu yi ta dariya har cikinmu ya ƙulle.

Yanzu gigin tsufa ya kama Baba. Yana zaune a gidan Yaya, ni kuma ɗinki nake yi, sai da yamma nake rufe shago in je. Anti, bai san ni ba. Yakan gaishe ni da ladabi ya tambaye ni ko ni ce sabuwar nas. Yaya kuwa Malam yake ce masa, har yana ƙoƙarin tashi ya ba shi kujera. Wata rana ina share ɗakin ajiya na ci karo da tsohuwar na'urar bidiyonsa da kaset ɗin, na jona don kawai in tuna baya. Kiɗan na tashi Baba ya gyara zama. Ya fara yi wa tsuntsayen magana kamar jiya ya bari, ya juyo ya kira ni Suda. Wallahi sai da na fita tsakar gida na yi kuka. Daga ranar, muddin katun na tafiya, ina ba shi abinci yana karɓa.

Yaya shugaban makaranta ne, mutum mai kamun kai, ko dariyarsa a auna take. Tun farko bai so abin ba. Ya ce tsohon da ya kusa kabari karatu ya dace ya riƙa saurare, ba shirmen yara ba. Na ƙyale shi, don babba ne. Sai ranar da iyayen yaron da ke neman 'yarsa suka zo gaida Baba, aka yi rashin sa'a katun na tafiya a falo. Yaya na shigowa da baƙi, Baba ya nuna shi da yatsa, ya buɗe hannuwa yana fiffike, yana ta kiran Zalɓe, Zalɓe. Wani daga cikin baƙin ya kasa riƙe dariya. Washegari na tarar da wayoyi kawai a bayan talabijin. Ashe Yaya ya kwashe na'urar da kaset ɗin ya kai ofishinsa ya kulle.

Tun ranar Baba yana zaune gaban talabijin a kashe. Ya daina ce mini Suda, ya ma daina ce mini nas. In na kai cokali bakinsa sai ya kau da kai, rigarsa har ta fara yi masa yawa. Na nemi irin katun ɗin a waya, ban samu nasa ba, kuma idonsa ba ya ganin ƙaramin allo. Na yi wa Yaya magana, raina a ɓace, na ce kunyar surukai ta fi masa ran mahaifinsa. Yau ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Ɗakina ɗaya, ba inda zan kai Baba. In sayo wata na'urar in riƙa saka masa a ɓoye in na samu kaset ɗin ta hannun matar Yaya? Ko in tara masa dangi? Ina tsoron Baba ya tafi bai sake sanina ba.

Taki cikin damuwa,
Suda

'Yata Suda, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ki ladan jinya. Ban yi dariya ba, kuma kada ki sake jin kunyar wannan magana.

Abu na farko, tsohon da ya ƙi abinci ba ya jiran a gama rigima. Ki kai shi wurin likita a makon nan, ki kuma faɗa masa dalla-dalla abin da ke sa Baba ci da abin da ya canza. Ki roƙi Yaya ya raka ku, don ya ji da kunnensa.

Maganar ɓoye kuwa ki bar ta. Za ki jefa matar Yaya cikin wuta, ranar da asiri ya tonu kuma sai a rufe miki ƙofar gidan gaba ɗaya. Tara dangi ma ƙarin kunya ne ga mutumin da kunya ce ta kai shi ga wannan. Yayanki ya yi kuskure, amma shi ke kwana da jinyar nan yana tashi da ita, kuma son Baba ya ji karatu ba mugun nufi ba ne. Kalmar da kika jefa masa ta yi nauyi, ki fara da neman afuwarta. Karatu da katun ba sa faɗa: a sa masa karatu da safe, tsuntsayensa kuma lokacin cin abinci, a cikin ɗakinsa, ba a falon baƙi ba. In an dawo da kaset ɗin, ki kai wa masu gyaran bidiyo su juye su, tun kafin zaren ya tsinke.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki, akwai abin da kika rubuta ba ki gani ba. Kin ce Baba Malam yake ce wa Yaya yana ba shi kujera. Ke kin samu yammaci da yawa ana kiranki Suda. Shi sau ɗaya tak mahaifinsa ya gane shi cikin wannan ciwo, aka kuma yi rashin sa'a a gaban baƙi ne, dariyar wani ta hana shi ji. Ki same shi shi kaɗai a ofishinsa, ki zauna, ki gaya masa wannan a hankali. Baba bai yi masa ba'a ba ranar nan. Ɗansa ya gani ya shigo, ya kira shi da sunan da ya raɗa masa, kuma duk duniya ba wanda ya rage mai kiransa da shi.

Idan ya yi shiru, ki bar shi ya yi shirunsa, kada bakin Suda ya ɓata aiki. In ya sunkuyar da kai, kin san abin da Baba yake cewa a irin wannan wurin. Ki gaya masa ya tashi, ba a gama ba.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya sa ya sake kiranku ku biyu.