Furanni Goma Sha Ɗaya

Senya nawa, sanyin idona, ɗumin ƙirjina a tsakiyar hunturu, Arseni mai taurin kai da na zaɓa idona biyu a buɗe,

Ina gaishe ka gaisuwar da takarda ba za ta iya ɗauka ba. Kai ma ma'aikacin da zai karanta wasiƙar nan kafin ta isa hannunsa, sannu da aiki. Ba komai a ciki sai mace da mijinta, don Allah ka bar ta ta wuce.

Lauya ya dawo daga gidan yarin. Ya ce har yanzu ka ƙi cin abinci, wai sai an kai tsohon nan mai tari na ɗakinku asibiti. Ya ce wuyanka ya yi siriri, kana magana kana hutawa. Kai, Senya? Kai da ba a barin tukunya a gabanka a juya baya? Ka tuna ranar da muka shiga daji tsintar naman kaza a bakin kogin Sukhona, ka rantse ka san hanya kamar tafin hannunka, muka ɓata har rana ta yi sanyi? Muka zauna a kan kututture, ka cinye baƙin burodin da kokwambar gishirin duka, nawa da naka, sannan ka dube ni baki duk ɓarɓashi ka ce in aure ka. Wace mai hankali ce za ta yarda? Ni na yarda, kuma ko yau aka sake tambayata amsar ba ta canja ba.

Duniya ta san sunanka yanzu, hasken gidana. Jawabi ɗaya da ka yi a majalisar ƙaramin garinmu ya kai ka kurkuku, ga shi ya kai hotonka biranen da ba mu taɓa zuwa ba. Jakadu suna ta bayyana damuwa. 'Yan jarida suna bugo mini waya da harsuna iri-iri, kowa sai ya ce mijina jarumi ne. Ina godiya, wallahi ina godiya, domin idonsu ne ya sa masu tsaronka ke ɗan taka-tsantsan. Amma na lura muryarsu ta fara yin ƙasa-ƙasa, irin ta masu zuwa gaisuwar mutuwa, kuma wannan yana ba ni tsoro.

Shekaranjiya wata ƙungiya daga ƙasar waje ta aiko mini da jajayen furanni, masu kyau ƙwarai. Bayin Allah, ina za su san cewa a wurinmu furen da ya tashi biyu-biyu na kabari ne, mai rai kuwa sai da ɗaya a kai? Mama Zinaida ce ta buɗe ƙofa. Ka san mahaifiyarka. Ta sa tabarau, ta ƙirga a tsaye, goma sha biyu cif. Ta zare ɗaya ta miƙa wa mutumin da ya kawo, ta ce, "Ungo, kai wa matarka. Ɗana bai mutu ba, azumin rigima kawai yake yi." Muka yi dariya har ya sauka bene. Da ta rufe ƙofa sai dariyar ta ɗauke, ta zauna a kan akwatin takalma, furanni goma sha ɗaya a cinyarta.

Ya ruwan bazarata, ba zan ce ka sunkuyar da kai ba. Da mai sunkuyawa nake so, da ban bi ka cikin dajin nan ba. Zan ci gaba da kiran sunan tsohon a kunnen duk wanda ya bugo waya, har sai an kai shi asibiti. Wannan nauyin ka bar mini shi, ni da nake da ƙarfin tsayuwa. Kai kuwa, idan an kawo romo gobe, ka karɓa ka sha, ko da cokali kaɗan ne. Ba don su ba, don ni.

Duniya tana son jarumi, kuma in ta rasa ka za ta sami wani. Ni miji nake so, mai minshari da cinye rabona. Shekarun da suka yanke maka zan jira su, ko sun ninka su zan jira, babu wanda zai zauna a kujerarka. Abu ɗaya ne ba zan iya ba: in tsaya gaban mai sayar da fure in ce ta ba ni guda biyu. Kada ka sa ni, Senya.

Taka a yau, taka har ƙarshen numfashi,
Taisiya