Nonon Asabe da Ilimin Ɗanka Almu

Ƙofar Sauri, Katsina

Zuwa ga ƙanena Alhaji Iro,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya da iyali a can Ikko. Mu nan sai godiya, in ban da jaririn 'yata Mairo, wanda shi ne dalilin wannan takarda.

Ka san nonon Mairo ya ƙafe tun bayan suna, maƙwabciyarmu Asabe ta karɓi shayarwa, yaro ya yi ɓulɓul. Sai ga ɗanka Almu, da sabuwar Fijo da digirin da ya ɗebo a Ingila, ya zauna gaban Gwaggo Hure, babbar gidanmu, yana zuba. Wai nono cike yake da amino asid, kuma wai su ne ke ɗauke da gado, saboda haka yaro zai tashi da kamannin dangin Asabe. Gwaggo ta ji Turanci ta tsorata, ta raba yaro da nono, aka koma madarar gwangwani. Tun daga ranar yake zawo, wuyansa kamar sillen kara.

Ni da na tsufa a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, na kira shi zaure na tambaye shi bambancin amino asid da nukiliyik asid. Ya kaɗa makullin mota, ya ce ai duk asid ne. Duk asid ne! Ashe tubali da zanen magini abu guda ne, tunda duk a wurin gini ake ganinsu. Amino asid tubali ne, kusan iri ashirin, da su jiki ke gina tsoka, kuma ko daga wake suka fito ko daga nono, hanji ba ya tambayar asalinsu. Nukiliyik asid kuwa shi ne zanen, daga uwa da uba ake gadonsa tun a ciki, ba a tsotsarsa. 'Yan'uwantakar shayarwa hukuncin shari'a ne, malamai sun san shi, ba su nemi taimakon Almu ba. Gwanin da bai iya ba ya fi jahili ɓarna.

Gwaggo ta ce ilimina na zamanin En'e ne, ta ƙi saurarena. Kai kaɗai take ji. Ka bugo waya ka ce mata a mayar wa Asabe yaro kafin Juma'a, don ba na jin zai kai wata Juma'ar a kan gwangwani.

Ka gaida Hajiya Furera da Lailatu.

Yayanka,
Malam Sada