Bidiyon da Usama Ya Turo

Asabar, 3 ga Zulƙida 1437, unguwar Mansur

Ƙanena Usama, da ke karatu a Faransa, ya turo min bidiyo daga bikin kiɗan da Keltawa, wata ƙabilar Turawa, ke yi duk shekara. Maza ne sanye da siket, suna busa wata irin algaita mai jakar iska a hammata. Ga shi nan a tsakiyarsu, an ara masa yana busawa. Ni kuma da wautata na buɗe muna cin abinci, ban rage murya ba, Baba na zaune.

Baba da ya ajiye algaita shekara arba'in, tun ranar da ya rantse a gaban Ka'aba ba zai ƙara taɓa ta ba! A gidan nan ko sunanta ba a kira.

Umma ta harare ni. "Halas, ya isa haka, kashe!"

Baba ya ce, "Kawo nan." Ya kalla sau biyu. Ni dai na sa rai zai ce Usama ya tattaro kayansa, karatu ya ƙare. Sai na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa. Da muka haɗa ido ya dunƙule hannun.

Bayan isha'i ya tsaya a bakin ƙofata. "Zainabu, ki ce wa yaron nan ya bari." Ya juya zai tafi, ya dawo. "Wai jaka! Mu a kumatu muke ajiye iska."

Ban san wanne cikin saƙonnin biyu zan tura wa Usama ba.