Wa Ke Taɓa Mini Barkono?

Litinin, 1 ga Satumba

Yau ma lami. Na ɗanɗana kafin in tura tiren a obin, na ɗanɗana bayan ya fito, kamar ina taunar auduga. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina dafa wa 'yan makarantar kwana abinci, har shugaban makaranta yana aiko da kwanonsa ta ƙofar baya, yau a ce hannuna ya mutu? Ban yarda ba. Akwai mai taɓa mini kaya.

Girkin ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Surukata ce ta nuna mini shi da na dawo gidansu bayan rasuwar maigidana. Ita tana ce masa kasarol, ni na sa masa zuba-ka-rufe. A cuɗe cinyoyin kaza da gishiri da tafarnuwa da citta da garin barkono, a ɗan soya su, a jera su bisa dankali da albasa, a kwarara markaɗen tumatir da attarugu, a rufe, a tura obin. Kafin ita da ɗana su dawo daga aiki ya nuna. Ranar da ban yi sabo ba a ɗumama na jiya.

Abincin dare na ranakun aiki nawa ne. Shi kaɗai ne nawa a gidan nan, in aka cire carbina da akwatina.

Laraba, 3 ga Satumba

Na ƙara barkono sosai. Duk da haka shiru kake ji.

Ɗana ya cinye nasa tas, ya ce sannu da aiki Mama, ya yi daɗi. Ƙarya yake, kara yake mini. Yana ci yana jan hanci, wai mura ce. Uwar Agogo kuwa (haka nake kiran surukata a raina, ba ta iya gaishe ka sai ta kalli tsintsiyar hannunta) sai ga ta da ƙatuwar robar yogot ta dire a tsakiyar tebur. Tun yaushe ake cin kaza da yogot? Nuna mini take abincina ba ya wucewa sai da abin turawa. Na gane.

Asabar, 6 ga Satumba

Ina ninke kaya a baranda na jiyo su a falo, murya ƙasa-ƙasa. Ita ce ke cewa ko dai a samo wadda za ta riƙa kama mini girkin. Shi kuma ya ce a'a, kada ma in ji. Da na shigo sai aka koma zancen kuɗin wuta.

To, ga inda aka nufa. A lalata mini girki a hankali, a ce tsohuwa ta rikice, a kawo 'yar aiki, ni kuma a ajiye ni gaban talabijin kamar tukunyar fulawa. Wallahi raina ya ɓaci, har tsoro ma na ji. In aka karɓe kicin, me zan tashi in yi da safe?

Litinin, 8 ga Satumba

Na ɗora ƙwayar shinkafa guda a kan murfin kwalbar barkono kafin in kwanta jiya. Tsohuwar dabara ce, da ita na kama mai kwasar mana madara a siton makaranta. Da safe na tarar da ita a ƙasa, gefen kwalbar sukari.

Garin ma na ga kamar ya fi da ja. Ɓera ba ya buɗe murfi ya mayar.

Talata, 9 ga Satumba

Uwar Agogo ta sayo mini sabon takalmin ɗaki. Me take nema?

Alhamis, 11 ga Satumba

Na je wajen mai barkono na bakin titi, na ce masa ya ji tsoron Allah, garin bulo yake sayar mini ko me. Ya rantse ya kuma rantsewa, wai mutane kukan zafinsa suke yi. Ya buɗe buhu ya kara mini a hanci, shi ya hau atishawa har hularsa ta faɗi, ni ko gezau. Wasan kwaikwayo. Ai na san Uwar Agogo tana tsayawa wajensa in ta taso aiki, wa ya san abin da suka ƙulla.

Na wuce can ƙarshen kasuwa na sayo a hannun wata mata da ba ta san kowa nawa ba. Na juye a tsohon gwangwanin madara, na cusa a ƙasan akwatina, na kulle. Makullin yana ɗaure a bakin zanena. Sai in ga ta inda za a biyo.

Litinin, 15 ga Satumba

Sabon barkono, hannu cike, attarugun ma ban cire masa 'ya'ya ba. Ya fito ja wur, mai yana tsalle a gefen tire, gwanin kyau a ido. Na sa a baki. Ruwa.

Kenan ba a kwalba kaɗai ake yi mini ba. Tsakanin obin da tebur ne, lokacin da nake shiga sallar magariba.

Jikokina biyu yanzu kullum a ƙoshe suke, burodi kuwa ba ya kwana a gidan nan. Na tambayi ƙaramin ko ya daina son girkin kakarsa, ya kalli uwarsa kafin ya ba ni amsa. An yi musu huɗuba.

Ɗana ya yi ƙari. Zufa har wuyan rigarsa. Daga baya na hango shi a bayan firji yana kurɓar wani farin magani daga kwalba, da ya gan ni ya tura aljihu. Shi ma ya iya ɓoye-ɓoye yanzu.

Laraba, 17 ga Satumba

Na kama ta.

Na yi kamar na shige ɗaki, na dawo a hankali ba takalmi. Tana tsaye a bakin famfo ko jakar aiki ba ta sauke ba, tana ɗauko cinyoyin kaza daga tirena ɗaya bayan ɗaya tana wanke su da ruwa, tana jerawa a farantin yara. Wanke mini girki a famfo kamar tsumman goge-goge! Na ce sannu da aiki. Cokali ya faɗi daga hannunta. Ta ce Mama, ta kashe famfo.

Ban yi hayaniya ba, ba a san ni da ita ba. Na jira ɗana na zayyana masa komai, tun daga ƙwayar shinkafa. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota, ya ce in yi haƙuri. Haƙuri kawai. Ko kallon banza bai yi mata ba. Daga nan ya zauna ya cinye rabonsa, ya haɗa da na yaran.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ban leƙa kicin ba. Ta kawo mini shayi ɗaki, ba sukari. Wai ta zuba har da ƙari.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ƙanwata ta zo. Na ce yauwa, ga shaida daga jinina. Na ɗumama ragowar na Laraba na ajiye mata, na ce ci ki gaya mini ko wannan abinci ne.

Loma ɗaya ta yi. Ta zaro ido, ta hau tari, ta ruga famfo tana fifita baki da mayafi. Da ta samu numfashi ta ce, "Yaya, kashe su za ki yi? Wannan suke ci kullum?"

Ita dama bakinta ba linzami. Ta ciro turare daga jakarta ta shafa mini a bayan hannu, ta ce me na ji. Na ce turaren banza ne, ya sha iska. Ta tambaye ni rabona da jin ƙanshin albasa a mai. Na ce ba ruwanta. Ta ce tun zazzaɓin da ya kwantar da ni watan jiya ne, ko ba haka ba? Na ce ai na ga atamfar da Uwar Agogo ta ba ta, dole ta yi mata aiki. Ta tafi tana fushi.

Bayan la'asar na rufe ƙofa, na ɗauki attarugu guda na gartsa, na tauna shi duka. Idona ya kawo ruwa, hancina ya zuba. Bakina ɗan ɗumi kawai.

Wataƙila wannan ɗin ne bai da zafi. Akan samu irinsu.

Talata, 23 ga Satumba

Ɗana bai je aiki ba. Tun safe yake dafe da ciki, Uwar Agogo ta kai shi asibiti. Sun dawo da leda cike da magani. Gyambon cikinsa na da ne ya tashi, wanda na yi jinya da hannuna yana saurayi, ina dama masa abu mai ruwa-ruwa ina hana shi yaji. Likita ya tambaye shi me yake ci.

Na same ta a kicin tana dafa masa dankali fari. Na ce ta faɗa mini gaskiya, ita ce ke taɓa kwalbata ko ba ita ba. Ta ce ita ce. Garin tattasai take haɗawa a ciki don ya rage ƙarfi, kullum kaɗan-kaɗan don kada in lura. Da na ɗauke barkonon na kai ɗaki, sai dabara ta ƙare mata, ya rage sai famfo da yogot.

Na ce to me ya hana a buɗe baki a gaya mini, ni dodo ce?

Ta kashe wuta ta juyo. "Shi ya hana, Mama. Ya ce bayan rasuwar Baba kin yi wata da watanni ba kya fitowa daga ɗaki, kicin ɗin nan ne ya fito da ke. Ya ce gara cikinsa."

Na ce dankalin ya isa haka, zai dagargaje.

Makullin akwati yana nan a bakin zanena ina jin nauyinsa. Satin da na ɓoye gwangwanin, ina ta murna na fi su wayo, satin ne yake ƙari yana zufa. Yaron banza. Tun yana ƙarami haka yake, ya faɗi ya fasa gwiwa ya ce ba zafi don kada in damu. Na yi kuka, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ni ma an kai ni. Likita ya ce zazzaɓi yakan tafi da ɗanɗano da jin ƙanshi, wani ya dawo, wani shiru. Yaro ne ƙarami, ban san iya abin da ya sani ba.

Litinin, 29 ga Satumba

Na yi zuba-ka-rufe. Da sassafe na haɗa miyar, don wai ta fi shiga jikin kaza in ta jima. Ba don komai ba.

Da surukata ta fito za ta tafi aiki na ce zo nan, hannuna da maiƙo, ɗan taɓa mini wannan. Ta ajiye jaka ta ɗanɗana. Ta ce gishiri kaɗan. Na ƙara, ta sake taɓawa, ta ce barkonon ya tsaya haka, yara za su ji shi amma ba za su yi kuka ba. Ta makara, na sani, amma ko sau ɗaya ba ta kalli hannunta ba. Ta ce gobe ma in kira ta. Na ce sai na gani.

Na ɗana daban na yi masa a ƙaramin tire, ba barkono ko ƙwaya. Ya ce Mama wannan ai abincin marasa lafiya ne. Na ce to kai mene ne? Ci ka rufe mini baki.

Yara sun yi ƙari, burodi ya kwana. Ni dai auduga na tauna kamar kullum, amma na zauna har kowa ya tashi. 'Yata ta ce ya yi daɗi, kuma na ɗauka haka ne, tunda ita ta ɗanɗana.

Gwangwanin ya koma kan kantar kicin, yana cinye mini wuri a akwati. Ban ɗora ƙwayar shinkafa ba. Mantawa na yi.