Na ɗiga wa na'urar ɗana mai

Assalamu alaikum. Admin, a sakaya sunana, domin a Tanut an san ni. Jama'a, don Allah ku ba ni shawara, ni da aka saba zuwa wurina a nema.

Ni tsohon soja ne, mai muƙamin ajidan, na daɗe ina riƙe da magazar bariki, wato ɗakin ajiyar kaya, kafin na yi ritaya. A zamaninmu an hore mu cewa kayan gwamnati ba ya kwana da ƙura: a kwance shi, a goge, a sa masa mai. Ɗana ya gaji aikin, sarjan ne, sai dai shi na'urori yake kula da su, irin waɗanda ke haska baƙaƙen layukan da ke jikin kwali, su faɗi abin da ke ciki.

Kwanakin baya aka aike shi ya kai na'ura ɗaya Belbeji. Ya ratso gida ba da izini ba, don ya duba mahaifiyarsa da ke jinya, ya ajiye jakarsa a ɗakina, ya fita sayo magani. Na buɗe jakar, na tarar na'urar ta yi futu-futu. Raina ya ɓaci, na ce yaran yanzu ba su san darajar kayan aiki ba. Na kwance ta, na dirje gilashin da toka, na ɗiga man keken ɗinki a maɓallin kamar yadda nake yi wa kunamar bindiga. Na mayar da ita ban faɗa masa ba, ina jiran ya ga bambanci ya yi godiya.

A can ta ƙi karanta komai, kaya suka yini a mota ba a sauke ba. Da aka buɗe ta aka ga mai, kaftin ɗinsu ya tambaya, yaron ya ce shi ne ya sa man. An cire sunansa daga masu tafiya sitaj, wato kwas, wanda da shi zai samu ƙarin girma.

Da ya dawo na fara ɗauko zancen, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, an riga an rufe maganar, a bar ta." Amma tun ranar, in ya zo, ɗakin mahaifiyarsa yake kai jakarsa.

Kaftin ɗin ya san ni, yana ganin girmana, kuma ba a kammala sunayen ba tukuna. In na je na faɗi gaskiya, na tona cewa yaron ya ratse hanya da kayan soja, kuma ya yi wa shugabansa ƙarya, hukuncin yana iya fin na yanzu. In na yi shiru, ɗana ya sayi mutuncina da galarsa, wato ƙarin girmansa, ni kuwa ina zaune ana ce mini Ajidan.

Ku da kuka san aikin soja na yau, in je, ko in bi umarnin ɗana?